Lamba 34 Ba Shuɗi Ba Ce

A ɗauki ɗalibai uku na sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 a matsayin jami'ar fasaha ta Jihar Kano, aka kuma sauya mata suna a 2022. A ce an ba su aiki guda: su shiga wata babbar kwamfuta da ke nesa, irin wadda ake kira saba, mai tafiya da Linux, su duba abin da ke cikinta. Na farko laftof ɗinsa na hannu ne, daga titin Beirut a Kano, da tsohuwar Windows a kai, yana kuma shiga ta PuTTY. Ta biyu ta ɗora Ubuntu a kan nata. Na uku ba shi da laftof sam, wayarsa ta Android ce ke masa aiki ta hanyar Termux. Umarni ɗaya za su buga, saba ɗaya ce za ta amsa, kuma mai yiwuwa ne amsar ta iso musu iri ɗaya, harafi da harafi. Amma abin da idanunsu za su gani uku ne. Rubutun da ya fito shuɗi fes a wurin ɗaya, a wurin wani duhunsa ya kai sai an matso da fuska kafin a gane cewa akwai rubutu a wajen. Da za a ƙara na huɗu, mai gwada 'yar manhajar da ya rubuta da Python a tsohuwar baƙar tagar Windows, shi ko launin ma ba zai gani ba, sai tarkace irin ←[31m a gaban kowane layi.

Abin da aka fi yi a irin wannan hali shi ne a ɗora laifin a kan na'ura, a ce ai tsohuwa ce. In ba haka ba, a nemo wani layi a intanet a liƙa, launi ya dawo, a wuce. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi illa, domin yana rufe ido daga wani darasi da ya fi launin kansa daraja.

Tagar umarni, wadda masu sana'ar ke kira taminal, ba a aika mata launi. Rubutu kawai ake aika mata. In manhaja tana son kalma ta fito ja, sai ta sa wata alama da ba ta ganuwa a gabanta, wato ESC, mai lamba 27 a tsarin ASCII, sannan ta bi ta da [31m. Taga ta ga wannan, ta haɗiye shi, ta rina abin da ya biyo baya, har sai ta ga [0m ta koma yadda take. Wannan yarjejeniya ta girmi yawancin malaman da ke koyar da ita. Ƙungiyar ECMA ta Turai ce ta fitar da ƙa'idar a 1976 da sunan ECMA-48, Amurka ta fitar da tata, ANSI X3.64, a 1979, kuma na'urar da ta yaɗa tsarin a duniya, VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978, ko launi ba ta nunawa. Lambobin launin takwas ne, daga 30 zuwa 37 don rubutu, daga 40 zuwa 47 don bango: baƙi, ja, kore, rawaya, shuɗi, shunayya, ruwan sararin samaniya, fari. Jerin ba kara-zube ba ne. Ja ɗaya ne, kore biyu, shuɗi huɗu. Rawaya ta zama uku domin ja da kore ne a haɗe, fari ya zama bakwai domin ya tara duka.

Abin da ƙa'idar ta yi shiru a kansa shi ne tushen rigimar: ta faɗi suna, ba ta faɗi kama ba. Ta ce 34 shuɗi ne, ba ta ce wane shuɗi ba.

Bakano bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Wanda ya kai farin yadi marinar Ƙofar Mata ya ce a yi masa shuɗi, suna ya faɗa; yadda shuɗin zai fito kuwa yana hannun marini, da ƙarfin babar da ke cikin ramin, da yawan tsomawa da shanyawa. Rawanin ɗan Kura ma daga baba ya fito, amma bayan rini da bugu har ya ɗauki ƙyalli, ba wanda zai haɗa shi da shuɗin zanen gida. Manhaja mai kawo yadi ce, taga ita ce marini. Kuma marinan nan ba su taɓa zama sun daidaita ba. Idan aka auna launi da ma'aunin da aka saba, inda ja da kore da shuɗi kowanne ke tashi daga 0 zuwa 255, shuɗin tsohuwar tagar Windows 128 ne tsura, na katin VGA 170, na PuTTY 187, na xterm 238. Rawaya ta fi ban dariya. A allon CGA da IBM ya fitar a 1981, launin da ya kamata ya zama rawaya mai duhu ruwan ƙasa yake fitowa, kuma wannan gado yana nan a baƙin allon Linux har yau.

Me ya sa shuɗi ne kullum ke ɓata, ba ja ko kore ba? Amsar tana cikin idon mutum. A lissafin hasken da ido ke ji, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin 100, ja kusan 21, shuɗi kuwa 7 kacal. Ƙa'idar WCAG, wadda masu tsara shafukan intanet ke bi, tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Shuɗi mai 128 a kan baƙi bai wuce kusan 1.3 bisa 1 ba. Wannan a allo mai lafiya ke nan. A ƙara masa laftof da ya sha hannu, wanda mai shi ya rage wa haske don batiri ya kai shi dawowar wuta, a zaune a inuwar bishiya da ranar watan Afrilu ta Wudil tana dukan komai, sai rubutun ya zama kamar ba a yi shi ba. Microsoft kansa ya gane haka: a 2017 ya sauya launukan tagarsa, ya sa wa shuɗin ɗan kore ya kuma ɗaga shi zuwa 218, yana mai cewa tsofaffin launukan an zaɓe su ne don allunan da suka shuɗe.

Daga baya aka yi ta ƙari a kan takwas ɗin, kowa da irin nasa. Tagar aixterm ta IBM ta kawo wasu takwas masu haske, daga 90 zuwa 97. Kafin nan kuma an saba amfani da lamba 1, wadda asalinta kaurin rubutu take nufi, don a samu launi mai haske, saboda haka tsofaffin allunan ke nuna ta. Shi ya sa umarnin ls na GNU ke nuna jakunkunan fayil da 01;34, wato shuɗi mai kauri, da fatan taga za ta haskaka shi. Wasu tagogin zamani, ciki har da GNOME Terminal, sun raba kauri da haske, sai fatan ya tashi a banza. A 1999 xterm, wadda Thomas Dickey ke kula da ita, ta samu launuka 256: 16 na gado, 216 da aka jera shida sau shida sau shida, da matakai 24 na ruwan toka. Sannan aka zo ga abin da ake kira launi na gaskiya, inda manhaja ke faɗin ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza, jimla 16,777,216. Nan ma ba a tsira ba. Ƙa'idar ITU T.416 da aka ɗauko salon daga gare ta ta ce a raba lambobin da ɗigo biyu, amma abin da ya yaɗu shi ne waƙafi mai ɗigo. Tagar da ba ta san salon ba sai ta ɗauki kowace lamba da ma'anarta ta dā: 4 ja layi a ƙasa, 5 ƙyaftawa, 7 juya rubutu da bango. Mutum ya nemi ruwan lemo, rubutunsa ya kama ƙyafta ido.

To ta yaya manhaja za ta san marinin da take gabansa? Ta hanyar suna guda da taga ke ajiyewa a wani saiti mai suna TERM. Manhaja ta ɗauki sunan, ta duba shi a wani rumbun bayanai, rumbun ya gaya mata launuka nawa tagar ke iyawa, yaya ake share allo, me maɓallin Home ke aikowa. Bill Joy ne ya fara irin wannan rumbu a Berkeley a 1978 don manhajar rubutu ta vi, ya kira shi termcap. Mary Ann Horton ta gina terminfo a farkon shekarun 1980, shi ne kuma ake amfani da shi a yau ta hanyar ncurses. Duk wanda ya buga tput colors zai ga adadin da rumbun ya yarda tagarsa na da shi. Amsar ba daga allon take zuwa ba, daga littafin take zuwa, kuma wannan bambanci shi ne abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Domin a nan ne layin da ake kwafowa daga intanet ke shigowa: export TERM=xterm-256color, a liƙa shi a fayil ɗin .bashrc. Sau da yawa launi yakan dawo nan take, shi ya sa maganin ya yi farin jini. Amma abin da aka yi shi ne an tilasta wa kowace taga ta amsa sunan da ba nata ba. Kamar mai saniya ne a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya rantse cewa bokolo ce alhali bunaji ya kawo: cinikin na iya faɗawa, amma wanda ya saya zai yi mata hisabin da ba nata ba. Ranar da mai wannan layi ya zauna a baƙin allon Linux kai tsaye, ko ya buɗe tmux, sunan ƙaryar yana nan, sai maɓallan Home da End su daina aiki, bangon vim ya fito rabi da rabi, allo ya riƙa barin guntayen rubutu. Kuma ba zai danganta wannan da layin da ya liƙa wata shida da suka wuce ba. Taga ce ke da hakkin faɗin sunanta. In PuTTY ce, wadda ke kiran kanta xterm kawai tun daga masana'anta, a cikin saitin PuTTY ake gyarawa. In tmux ce, sunanta a ciki tmux-256color ne ko screen-256color, kuma a fayil ɗin saitinta ake faɗa.

Shiga saba ta SSH yana ƙara wani ƙulli. Sunan TERM yana bin mutum zuwa can, amma littafin ba ya bin sa. A rumbun sabar ake duba sunan. Wanda ya ɗora sabuwar taga irin kitty ko Alacritty a laftof ɗinsa, ya shiga tsohuwar saba da ba ta taɓa jin sunan ba, sai manhajoji su ce ba su san wannan taminal ba. Gyaran gaskiya bai fi layi ɗaya ba shi ma: a fitar da bayanin tagar da infocmp a gida, a tura shi can, a shigar da shi da tic, ya zauna a jakar .terminfo ta mai amfani ba tare da neman izinin mai kula da saba ba. Launi na gaskiya kuwa da wani saiti daban ake shelanta shi, COLORTERM, wanda SSH ba ya ɗauka sai an roƙe shi a ɓangarorin biyu. Terminfo bai samu hanyar bayyana irin wannan launi ba sai a ncurses 6.1 a 2018. Wannan ne dalilin da manhajar rubutu kan yi kyau a gida ta kuma koɗe a saba, alhali allon bai canja ba.

Windows labarinta daban ne, kuma ita ce ta fi shafar Wudil, tunda ita ce a kan mafi yawan laftof ɗin da ake sayowa na hannu. A zamanin DOS akwai ANSI.SYS da ke fahimtar waɗannan alamomi. Tagar Windows NT da zuriyarta kuwa ta yi shekara 20 da ɗoriya ba ta jin yaren, sai a Windows 10 ta ƙarshen 2015 aka koya mata, kuma ko a nan sai manhaja ta nemi a kunna. Windows Terminal, wadda ke ji ba tare da roƙo ba, a 2019 aka fara nuna ta, ta kammala a 2020. Ɗalibin da ke kan Windows 7 ko 8 ba shi da wannan gata, ƙaramar kibiyar da yake gani a gaban [31m ita ce ESC ɗin da ba a haɗiye ba. Masu Python suna da colorama, wadda aka yi don cike wannan giɓi. Kada masu Mac su yi dariya: tagar da Apple ke sakawa a ciki ta tsaya a launuka 256 har zuwa macOS 26 a 2025, kuma ls ɗinta ta BSD ce, da -G da LSCOLORS take aiki, ba ta san LS_COLORS ta Linux ba.

Akwai mai cewa, to tunda matsalar ita ce suna ba ya ɗaure kama, kowace manhaja ta faɗi launinta daidai da lambobi uku, a huta. Hujjar tana da ƙarfi a ido, amma tana da rami. Manhaja ba ta san bangon mai karatu ba. Rawaya mai haske da ta yi kyau a baƙin bango, a farin bango ɓacewa take yi, kuma wanda ke aiki a waje da rana yana da dalili mai kyau na zaɓar farin bango. Launukan nan takwas masu suna, duk da rashin tabbas ɗinsu, suna da wata falala da miliyan 16 ba su da ita: mai allo yana iya sauya su. In shuɗinsa ya yi duhu, ya shiga saiti ya haskaka shi sau ɗaya, duk manhajojin da suka ce 34 su gyaru tare. Manhajar da ta kafe a kan lambobinta ta ƙwace masa wannan iko. Mai rubuta ƙananan kayan aiki na tagar umarni, wanda shi ne yawancin abin da ɗalibi zai rubuta, ya fi masa ya faɗi suna ya bar wa mai ido zaɓin kama. Gaskiya ne wannan ma yana da inda yake yoyo. Tsarin launi na Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011 kuma ya samu karɓuwa ƙwarai, ya mayar da baƙi mai haske ya zama launin bangonsa, don haka duk manhajar da ta yi rubutu da lamba 90 a kansa rubutunta ba ya ganuwa ɗungum. Darasin shi ne a tsaya a kan 'yan kaɗan da aka fi yarda da su, ja da kore da rawaya, a kuma bar sauran rubutu a launin da mai taga ya zaɓa.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne kada launi ya ɗauki ma'ana shi kaɗai. Kusan kashi 8 cikin 100 na mazan da asalinsu arewacin Turai ne ba sa rarrabe ja da kore sosai. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma a ɗakin lacca mai ɗalibai ɗaruruwa ba a rasa su, kuma da yawansu ba a taɓa gwada su ba balle su sani. Ja da kore kuwa su ne ainihin launukan da masu manhaja suka zaɓa don gazawa da nasara. A ce wani ya rubuta 'yar manhaja da ke kwafe bayanan asibiti ko sakamakon jarrabawa kowane dare, tana nuna sunan fayil da kore in an dace, da ja in an gaza, ba kalma ko ɗaya. Ranar da aka buɗe ta a tagar da ba ta jin launi, ko aka tura sakamakonta cikin fayil, ko wanda ke kan aiki ba ya ganin bambancin, gazawa da nasara sun zama abu ɗaya, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka nemi bayanan. Git ya ba da misali mai kyau: yana rina layin da aka ƙara kore, wanda aka cire ja, amma bai taɓa yar da alamar + da - da ya gada daga tsohon umarnin diff ba. A cire launin, ma'anar tana tsaye da ƙafafunta.

Wani zai ce wannan ai shagali ne, a garin da ake fama da wuta da tsadar data, wa ke da lokacin shuɗi? Akasin haka ne. Wanda ke zaune a ofishi mai sanyi da sabon allo, kowa a kamfaninsu da na'ura iri ɗaya, shi ne ke iya shekara bai gamu da matsalar ba, kuma shi ne ya rubuta yawancin manhajojin da ke zaton duniya duka irin allonsa take da shi. Ajin Wudil kuwa, da tsohuwar Windows da Ubuntu da waya da majigin da ke wanke launi a bango, ɗakin gwaji ne da kamfanoni ke kashe kuɗi su haɗa. Malamin da ya ware awa ɗaya ya sa kowa ya buga echo $TERM da tput colors, sannan su zagaya su dubi allunan juna, ya koyar da abin da ake nufi da yarjejeniya tsakanin na'urori, da bambancin abin da aka aika da abin da aka nuna, da illar yi wa tsari ƙarya, ba tare da an sayi ko waya ɗaya ta lantarki ba. Irin wannan tunani ne ɗalibin zai buƙata gobe, ranar da ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya a rumbun bayanan wata ma'aikata, domin can ma batun ɗaya ne: ɓangare biyu ba su daidaita a kan yadda za a karanta lamba ba.

Ladubban da ake nema daga mai rubuta manhaja ba su da yawa. Ya fara tambaya ko taga ce a gabansa ko fayil, da aikin isatty da ke cikin C da Python duka, in ba taga ba ce ya yi shiru da launinsa; abin da ls ke yi ke nan in an ce mata --color=auto. Ya rufe duk launin da ya buɗe da [0m, ko da manhajar ta faɗi a tsakiyar aiki, don kada ya bar wa na bayansa jar taga. Ya kuma girmama NO_COLOR, wata al'ada da aka fara a 2017, wadda ba wata hukuma da ta sa mata hannu amma ɗaruruwan manhajoji suka karɓa: in mai amfani ya ajiye wannan suna da wani abu a cikinsa, yana nufin a ba shi rubutu tsura. Gwajin duka kuwa ba ya cin minti ɗaya. A tura sakamakon manhajar cikin fayil, a buɗe fayil ɗin, a duba ko akwai tarkacen ESC a ciki, sannan a miƙa wa wanda bai rubuta ta ba ya faɗi layin da ya gaza.